Ranar da Zuwaira Ta Faɗi Sunana

Kun san ni ban iya zama wuri ɗaya ba. Shekarun da na yi ina jan mota tsakanin Tasawa da Maradi sun bar mini ƙaiƙayi a ƙafa, har yanzu da ido ya raba ni da sitiyari in na zauna a zaure sai in ji kamar na bar fasinja suna jirana a tasha. Wannan rubutun ma da ƙyar nake zama in yi shi, in rubuta layi biyu in miƙe in leƙa awaki in dawo. Abin da ya tilasta mini shi ne maganar da na ji a bakin ɗaya daga cikinku, jikokina, ranar da take faɗa da 'yar maƙwabta. Yarinyar ta goranta mata cewa uwarta Zuwaira ce ta zubar da kunya a Yamai, ta sa aka canza wa ɗanta jini, ita kuma tawa jikar ta shigo tana kuka tana tambaya ko gaskiya ne. Yara ba su ƙirƙiri wannan magana ba, a bakin manya suka tsince ta. Mu huɗu muka je Yamai. Kakarku Hajiya ta riga mu gidan gaskiya, yayanku bai tuna komai ba, uwarku kuwa ko za a yanka ta ba za ta buɗe baki a kan wannan ba. Saura ni.

Yayanku ɗan fari ne, kuma ubanku Sani ya sa masa sunana, Haruna. Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Mace a wurinmu ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Sannan suruka ba ta faɗin sunan uban mijinta, ko da wani can daban ne mai sunan. To Zuwaira abin ya haɗe mata biyu a kan yaro ɗaya. Da aka yaye shi Hajiya ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, kamar yadda aka yi wa kowane ɗan fari a gidanmu, ya tashi yana ce mata Inna, gida kuma ana ce masa Abba. Zuwaira ko Abban ba ta faɗi. In dole ta kama sai ta ce yaron Inna. Ita 'yar Issawane ce, can arewacin Mayahi, inda kunya ta fi tamu tsauri, kuma ta riƙe abin da hannu biyu. Na sha ganin ta ware tsoka mai kyau ta ba ƙaramarku ta ce kai ɗakin Inna, ba ta ce a ba wane ba, kowa kuma ya san na wane ne.

Ni da shi kuwa wasa ne tsakaninmu tun yana rarrafe. Ba ya ce mini komai sai tsoho, yana cewa na tsufar masa da suna kafin in ba shi. Abokansa na lakwal, wato makarantar boko, su kaɗai ke kiransa da sunan yanka, su tsaya ƙofar gida da safe suna Haruna, Haruna, ni kuma ina zaure in yi maza in amsa da ƙarfi don in ja shi. Sai ya fito da jakarsa a rataye, ya harare ni.

"Ba kai ba ne, tsoho."

Kullum haka, har ya zama gaisuwarmu ta safe.

Yana wajen shekara goma, bayan an gama girbi, ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai. Aka kai shi asibiti nan Tasawa aka ba shi maganin zazzaɓin sauro, zafin jiki ya sauka, muka ce an gama. Ashe farawa aka yi. Yaron da ya tashi daga wannan tabarma ba shi ne ya kwanta ba. Ya fara dariya ba dalili, ya dubi bango ya ce wasu mutane na tafiya a kai. Mushensu, malamin ajinsu, ya zo har gida da kansa ya ce Abba ya zage shi a gaban aji, yaron da ko ido ba ya haɗawa da babba. Barci ya ƙaurace masa, ya hana kowa yi. Daga nan baki ya shiga motsi kamar mai tauna abin da babu, yatsu suna murɗewa su kaɗai. Wata rana da hantsi ya faɗi tsakar gida yana fizge-fizge, kumfa a baki. Da ya farfaɗo magana ta fara raguwa, yau kalma biyu, gobe ɗaya, har ta ɗauke ƙaf. Ido a buɗe, amma in ka tsaya gabansa kamar ka tsaya gaban ɗaki da ba kowa.

Hajiya ta ce iska ce, kuma ban ga laifinta ba, kowa a unguwa haka ya ce. Aka yi rubutu aka ɗura masa, aka yi turare, malamai suka yi karatu a kansa har murya ta dushe. Aka ce akwai wani a Kona, na nemo mota muka je. Aka ce wani a bayan Mayahi ya fi shi, muka je. Ni dai a ba ni hanya, in dai ana tafiya sai in ji kamar ana yin wani abu. Sani kuwa yana can arewa wurin haƙar zinariya, inda waya ba ta kamawa sai mutum ya hau dutse, muka yi ta aika saƙo ba amsa. Da yaro ya fara kasa haɗiye abinci na ce ya isa haka, muka kai shi Maradi. Suka ɗebi ruwa a bayansa suka ce ba sanƙarau ba ne, suka ce ciwon a ƙwaƙwalwa yake kuma ya fi ƙarfin kayan aikinsu, sai Yamai.

Zuwaira ba a matsayin uwa ta bi mu ba. Hajiya ce ta ce a taho da ita saboda wanki da girki, tunda ita ƙafafunta sun fara ciwo. Na zauna gaba kusa da direba, wani yaro da na san ubansa, ina ta yi masa faɗa kan yadda yake shiga rami, shi kuma yana haƙuri da ni. Hajiya tana baya da kan Abba a cinyarta, Zuwaira ta takure can jikin ƙofa ta juya fuska waje kamar fasinjar da aka ɗauka a hanya. Amma ni tsohon direba ne, idona ba ya barin madubi. Hannunta na ƙarƙashin mayafi riƙe da tafin ƙafar yaron, tun daga Maradi har muka ga fitilun Yamai ba ta saki ba.

Lokotoron da ta karɓe mu, wato likitar, mace ce, Bazabarma, mai saurin tafiya da saurin magana. Hausarta ta kasuwa ce, tana isa a yi ciniki amma ba ta isa a yi zance mai nauyi ba, in ta maƙale sai ta cike da Faransanci. Ranar farko ta tambayi uwar yaro, Hajiya ta ce ga ni, aka rubuta haka. Suka ɗauki hoton kansa, suka manna masa wayoyi a fatar kai, suka sake ɗibar ruwan baya suka ce za a aika wata ƙasa a duba, sakamako zai daɗe. Lokotoro ta ce ba za ta jira ba, ta ga irin wannan, ta fara ba shi wani magani mai ƙarfi ta jijiya. Aka yi kwanaki ana yi, ba abin da ya motsa sai ma numfashinsa da ya fara yi mana wasa, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya. Ni na san kowane lungu na asibitin nan a lokacin, na san inda famfo ke zuba da inda kyanwa ta haihu, don ba na iya tsayawa a ɗakin. Zuwaira tana bakin ƙofa da bokiti da kwanuka. Har lokotoro ta taɓa ce wa Hajiya, yarinyar nan taku tana da ƙoƙari, a ina kuka samo ta. Ta ɗauka 'yar aiki ce. Ba wanda ya gyara mata.

Wata safiya ta kira mu gefen gadon ta ce mu zauna. Ta ce jiki yana da masu gadi da ke yaƙar cuta, na yaron nan sun ruɗe sun juya suna yaƙar ƙwaƙwalwarsa, ta kumbura. Ta ce waɗannan masu gadin a cikin jini suke yawo, maganin da aka ba shi bai kwantar da su ba, saura a fitar da su. Za a sa tiyo a babbar jijiyar wuyansa, jini ya fita ya shiga wani inji. Nan Hausarta ta ƙare. Ta yi ta juya hannu tana neman kalma, ta faɗi ta Faransanci, ta ga ba mu gane ba, sai ta ce:

"Za mu canza masa jini."

Da ta san abin da kalmar nan take ɗauke da shi a kunnen tsohuwa Bahaushiya da ta nemi wata. Mu in mun ce jini ba ruwan da ke zuba in ka yanke kaɗai muke nufi ba. In na ce wane jinina ne, na gama magana. Hajiya ta gyara zama.

"Jinin wa za a zuba mishi?"

Lokotoro ta ce na mutanen da suka bayar, an gwada shi, mai tsabta ne.

"Su wane ne? 'Ya'yan wa? Salla suke ko ba su yi?"

Ta ce ba a sani ba, ba a faɗi.

"To in kun zubda namu kun ɗura na wasu, yaron da za ku miƙo mani ɗan wa ne?"

Ni na san Hajiya tun tana yarinya, ba muguwa ba ce kuma ba wawuya ba ce. Ita ta goya yaron nan, ita ta tauna masa abinci. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ya jin bayani. Lokotoro kuma ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce aikin da haɗarinsa, jini na iya sauka a lokacin da ake yi, wurin tiyon na iya kama cuta, kuma ba ta yi mana alkawarin zai warke ba. Amma in aka bar shi haka, ko numfashin ya tsaya wata rana, ko ya rayu a yadda muke ganinsa. Hajiya ta miƙe ta fara naɗe tabarma. Ta ce in mutuwa ce gara ya mutu da jinin ubansa a ɗakinta, a binne shi inda aka binne kakanninsa. Ta dube ni ta ce in je in nemo mota.

Na fita. Ba motar na je nema ba, kuma ba shawara na je yankewa ba, ƙafata ce kawai ta yi abin da ta saba. Na zagaya ginin, na je bakin titi na tsaya ina kallon motoci, na dawo. Raina ya kasu biyu. Na ji tsoron injin nan ƙwarai, na kuma ji tsoron hanyar komawa da yaro a cinya yana ja yana tsayawa. Da na shigo na tarar an ɗaure kaya, lokotoro tana tsaye ta harɗe hannu, ranta a ɓace. Ta daɗe tana kallon Hajiya, furfurarta da hannuwanta, kamar yau ta fara ganinta. Sai ta ce:

"Mama, ke kika haife shi?"

"Ni ce uwarshi."

"Na ji. Wadda ta ɗauki cikinsa nake tambaya. Tana raye?"

Ni na dubi ƙasa. A gidanmu wannan ba tambaya ba ce da ake amsawa a gaban mai ita. Sai muka ji murya daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, har sai da lokotoro ta waiga neman mai magana. Zuwaira ce, a tsugune, fuskarta na kallon bango.

"Madam, jan jinin, shina komawa jikinshi?"

Lokotoro ta ce yana komawa duka. Injin raba shi yake yi gida biyu, jan ya koma, ruwan da yake iyo a ciki shi ake zubarwa a sa wani.

"Ruwan sama kaɗai?"

"Shi kaɗai. Kuma jikinsa zai sake yin nasa ruwan cikin 'yan kwanaki."

Zuwaira ta ɗan juyo, ba ta ɗaga kai ba.

"Inna, kamar gasara ce. In ta kwanta a tsiyaye ruwan tsamin a zuba sabo. Ba a zubda gasarar."

Tunda aka kawo ta gidanmu ban taɓa jin ta sa baki a maganar yaron nan ba, ko da kan aski ne. Hajiya ta saki ƙullin kayan da ke hannunta.

"Ke da wa kike? Mi ya haɗa ki da shi da za ki hwaɗa mani gasara?"

Zuwaira ta miƙe tsaye. Ba Hajiya ta duba ba, ba ni ba, lokotoro ta duba.

"Ni na haihi Haruna. A yi mishi."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Sunana ne, na ji shi a bakin 'yan tasha da 'yan sanda da masu zagi, amma ban taɓa jin ya yi nauyi irin na ranar ba. Hajiya ta sa hannu ta rufe baki. Lokotoro ba ta san abin da ya faru a gabanta ba, ita dai ta ga 'yar aiki ta zama uwa, ta juyo wurina tunda ni ne namiji kuma uban yaro ba ya nan. Hajiya ma ni take kallo. Shekara da shekaru muna tare, ban taɓa kunyata ta a gaban baƙo ba. Na ce:

"Kun ji abin da uwarshi ta ce."

Kalmar nan, uwarshi, ita ce Hajiya ba ta yafe mini ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwance ƙullin ta ware kayanta daga namu, ta tofa wa yaron addu'a a ka ta daɗe tana shafa shi, washegari ta sa na kai ta tasha. Ita ta riga mu isa Tasawa, labari kuma ya riga mu isa da bakinta, a lokacin da zuciyarta ke tafasa. Abin da kuke ji a unguwa yau daga nan ya samo tushe.

Aka ce mu kawo mutane su ba da jini a madadin wanda za a ɗiba daga ma'ajiya. Ni ba ni da dangi a Yamai sai 'yan tasha, na je layin motocin Maradi na faɗa wa tsofaffin abokan aiki. Suka zo da yaran motarsu, suna ta tsokanata wai yanzu jikana zai tashi da son gudu da rashin biyan tara. Na yi dariya a gabansu, na koma bayan gini na share ido.

Ranar farko sun bar ni na tsaya daga bakin ƙofa. Injin bai kai firji girma ba, da tiyo siriri guda biyu, ɗaya na ɗauka ɗaya na mayarwa. Na ga jinin jikana ya fito ya bi tiyo ya shiga, na ce shi ke nan Hajiya ta yi gaskiya. Sai na ga wata leda a rataye tana cika da ruwa rawaya kamar man shanu da aka narkar, jan kuma ya zagayo ya koma wuyansa. Na daɗe ina kallon ledar nan. Abin da ya hana mu barci, ya kai mu Kona da bayan Mayahi, ya raba ni da matata, wai yana cikin wannan. Yaron ya yi ta rawar sanyi aka lulluɓe shi. Ana yi a huta kwana ɗaya a sake. A wani zagayen injin ya ɗauki kuka, madam ɗin, mai jinyar da ke kula da yaron, ta ruga tana kiran lokotoro, leɓunan yaron suka yi fari, aka tsayar aka ƙara masa ruwa kafin ya dawo. Ranar na tsinci kaina a bakin kogi ban san na taka har can ba.

Lokotoro ta ce wa Zuwaira ta riƙa yi masa magana, ta riƙa kiran sunansa, ko bai amsa ba wataƙila yana ji. Yanzu da Hajiya ba ta nan ita ce a gefen gadon, amma kunyar ba ta tafi ba, sai ma ta ƙaru. Ba ta iya haɗa ido da ni. In tana son ta kira shi sai ta ce:

"Baba, ko za ka ɗan sha iska?"

Ni kuma dama neman dalili nake, sai in fita. Haka muka yi ta yi. Aka gama zagayen da aka ɗiba, aka cire tiyon, yaro yana nan yadda yake. Wannan lokacin ya fi kowane tsanani. Mun yi abin da ba a yi, mun ɓata da gida, kuma ba mu ga komai ba. Hajiya takan sa ɗan maƙwabta ya kira ni a waya, ba ta gaishe ni, sai dai in ji muryarta daga nesa tana cewa a tambaye shi an gama canza shi. Sani ya samu saƙo daga ƙarshe ya kira yana kuka, ya ce duk abin da na yanke ya yi, ban gaya masa ba ni na yanke ba. Lokotoro ta ce mu yi haƙuri, ƙwaƙwalwa ba ta sauri. Sannu a hankali bakin ya daina taunar banza. Ya yi barci na gaske har da minshari. Idonsa ya fara bin cokali. Sakamakon da aka aika waje ya iso ya tabbatar da abin da lokotoro ta zata. Amma ko uffan bai ce ba, kuma bai nuna ya san ɗayanmu ba.

Bari in tsallaka in gaya muku abin da ya biyo baya, don kada ku zaci daɗi aka dawo aka tarar. Yayanku ya ɗauki watanni kafin ya zama mutum sosai. Karatu ya zube masa sai da aka sake daga farko, ga saurin fushi, ga magani safe da yamma, ga komawa Yamai a duba shi. Ya manta abubuwa da yawa, kuma da muka iso gida ɗakin Zuwaira ya nufa, don muryar da ya farka da ita ke nan. Hajiya tana tsaye da tabarmarsa a shimfiɗe da furar da ta dama masa. Ta dube ni ta ce, ka gani ko, ba nawa kuka maido ba. Ba jini ne ya canza ba, amma wa zai gaya mata. Ta ci gaba da dafa masa abin da yake so har ƙarfinta ya ƙare, daga baya ya koma yana kwana wurinta wasu ranaku, amma tsakaninta da uwarku gaisuwa ce kawai har ta koma ga Allah. Mata a gidan biki sukan yi shiru in Zuwaira ta shigo. Danginta na Issawane sun aiko a ba ni haƙuri kan rashin tarbiyyar ɗiyarsu, na ce su riƙe haƙurinsu ba na bukata. Ita kuma tun da muka sauka daga mota a Tasawa ba ta sake faɗin sunan nan ba. Ta koma yaron Inna, har yau da Innar ba ta duniya. Ga shi can yana kwaleji ya fi ubansa tsawo, kuna ganinsa, ku duba hancinsa ku gaya mini jinin wa ke jikinsa.

To, ranar da nake son ku riƙe ita ce wannan. Da safe ne, Zuwaira ta ce in sha iska, na fita na sayo koko a bakin asibiti. Ban yi zagayen da na saba ba saboda kwanon na ƙona mini hannu, na dawo da wuri. Ƙofa a buɗe take. Ta ba ni baya, ta sunkuya a kansa tana goge masa fuska da tsumma, tana kira a hankali, yadda ake tashin yaro ya tafi lakwal.

"Haruna. Haruna."

Wallahi ban yi niyya ba. Ko gajiya ce, ko sabon zaure ne ya motsa, sai na ji bakina ya ce:

"Na'am."

Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ni ma na rasa inda zan sa kaina, tsoho da furfura ya amsa kiran surukarsa. Ina shirin juyawa in gudu sai na ga kan yaron yana motsi a kan matashi. Ya juyo a hankali, idonsa ya yi ta nema har ya same ni a bakin ƙofa, ya tsaya a kaina. Ya haɗe gira. Leɓunansa suka yi ta ƙoƙari, muryar ta fito a shaƙe, kalma ɗaya na jan ɗaya.

"Ba kai ba ne, tsoho."

Na ajiye kwanon kokon a ƙasa, na ja kujera na zauna. Ranar ban sake fita ko nan da ƙofa ba.